Ishaya Bai Gwada Wannan Wuƙar Ba

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Ishaya a makabartar bayan cocinmu a nan Kafanchan, amma har makon jiya yana gwada wuƙaƙe. Haka dai mujallar manoma da ake bugawa a garin nan take nuna wa masu karatu. In ka buɗe shafi na kusa da ƙarshe za ka ga hotonsa da hular nan tasa ta saƙa, a ƙarƙashi an rubuta da manyan baƙaƙe, "Ishaya Ya Gwada", sannan a biyo da yabon wata wuƙa da ba ta shigo kasuwarmu ba sai bayan ciyawa ta rufe kabarinsa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna bai wuce firamare ba, ban kuma taɓa rubuta wa jarida ba. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, ina tsoron kada in ɗora wa wani laifin da bai yi ba. Abin da zan faɗa na gan shi da idona, inda kuma ji na yi, zan ce ji na yi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Ishaya ma'aikacin jirgin ƙasa ne. A loko ya yi aikinsa, wurin gyaran kan jirgi, har ya yi ritaya lokacin da jirage suka fara ƙaranci a tashar Kafanchan. Da aka kafa mujallar, editan farko, wanda suke waƙa tare a coci, ya roƙe shi ya riƙa rubuta ɗan shafi a kan kayan aikin gona. Ya rubuta a kan fartanya da lauje da adda, har da injin feshi. Amma wuƙa ce ta fito da sunansa, dalili kuwa citta.

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ce mene ne abin rubutu a kan wuƙa. To, in ruwa ya ɗauke aka haƙe citta, ba a shanya ta yadda take. Sai an tsaga kowace a tsaye, gida biyu, kafin rana ta iya busar da ita. Mata ke wannan aiki. Mukan zauna a gindin mangwaro da tulin citta a gabanmu tun safe har rana ta yi sanyi, mako bayan mako. Kina riƙe da cittar a tafin hannun hagu, kina tura wuƙa da dama, kaifin yana fuskantar naman hannunki. Komai wankin da aka yi wa citta akwai yashi a lungunanta, yashin nan kuwa yana cin kaifi. Wuƙa in ta dakushe sai kin danna da ƙarfi, in kina dannawa da ƙarfi wata rana za ta zame. Matan da ba su da gonar kansu, da wannan tsagar suke samun na makarantar yara da na Kirsimeti. Mace ta yanke a farkon kaka, shekararta ce ta tafi.

Saboda haka Ishaya bai taɓa ɗaukar shafinsa da wasa ba. Ba ya karɓar wuƙa kyauta, yakan ce baki in ya ci, ido kan ji kunya. Ba ya kuma zuwa kasuwa da kansa, domin 'yan kasuwa sun san fuskarsa, suna hango shi za su shiga ciki su zaɓo masa wadda ta fi kyau a kwali. Ni yake aikawa. In ɗaura zanen aikina, in je ranar kasuwa kamar kowace mace, in yi ciniki, in karɓi wadda aka miƙo mini. Wani lokaci a nan Kafanchan, wani lokaci in hau mota har Gwantu ko Samaru Kataf, don ya tabbata abin da ake sayarwa a can shi ake sayarwa a nan. Nakan dawo ina ji kamar na yi sata, ina tambayarsa ko wannan ba yaudara ba ce. Sai ya yi ta dariya, ya ce yaudarar me, kin biya kuɗinki an ba ki wuƙa.

Wuƙaƙen nan sai ya raba wa matan zumuntar cocinmu masu tsagar citta, ya ce su yi aiki da su har kaka ta ƙare. Ba ya rubuta ko kalma ɗaya sai an ɗure citta a buhu. Edita ya sha yi masa ƙorafi cewa shafinsa kullum a makare yake zuwa, bayan mutane sun gama saye. Ishaya ya ce ai wata kakar tana tafe. Ranar da za a dawo masa da wuƙaƙen, yakan shimfiɗa buhu a tsakar gida a jera su, amma ba su yake fara dubawa ba. Yakan ce, "Ku nuna mini hannu tukuna." Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya duba tafin hagu ko akwai yanka, ya duba na dama ko ƙota ta yi mana kanta, ya tambayi kowace ko tana yawan tashi wasa wuƙar kafin rana tsaka. Matan su yi ta tsokanarsa. Wata ta taɓa ce masa, Malam Ishaya, matarka ta san kana riƙe hannun matan mutane? Ya ce ta sani mana, ita ce ma ta goge masa tabarau.

Ba zan ce ba shi da son rai ba, don kada in yi ƙarya a wurin da na zo kare gaskiya. Ishaya yana son wuƙar maƙera, wadda aka ƙera da ƙarfen sifirin na mota, mai nauyi a hannu. Da ita ya taso, kuma babban amininsa, Tanko, maƙeri ne a Kasuwan Magani. Amma duk sanda zai rubuta a kan wuƙar Tanko, yakan fara da cewa mai wuƙar nan abokinsa ne, mai karatu ya rage wani abu daga yabon. Wata shekara Tanko ya canza itacen ƙota, ya sa wanda bai gama bushewa ba, ƙotocin suka riƙa tsagewa ana tsakar aiki. A shekarar ce kuma wani ɗan kasuwa Ibo, ɗan gidan tsofaffin ma'aikatan jirgi, ya kawo wata wuƙa ta waje mai araha wadda ta yi kaka guda ba ta ba kowa kunya ba. Ishaya ya rubuta hakan, da sunan kowa. Tanko ya yi fushi ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Mutane suka yi ta cewa Ishaya ya kayar da ɗan gida ya ɗaga baƙo. Ni kaina na roƙe shi ya sassauta, don ina tsoron gaba. Ya tambaye ni, in ya sassauta wa Tanko, hannun wa zai biya?

Sai da aka shekara biyu kafin suka shirya, kuma Tanko ne ya zo da ƙafarsa, riƙe da sabuwar wuƙa mai busasshiyar ƙota. Ishaya ya rungume shi, ya sa aka kawo masa tuwon acca. Wuƙar kuwa ya ce ya koma da ita, zai aika a sayo masa irinta a kasuwa.

Yanzu shafin yana hannun ɗansa na fari, Bitrus. Nan ne maganar take yi mini nauyi, domin yaron nan a bayana ya yi barci yana jariri, kuma tun rasuwar mahaifiyarsa ni ce uwar da ta rage masa. Ya yi karatu mai zurfi, yana da ladabi, ba ya gaishe ni a tsaye. Da mahaifinsa ya rasu, masu mujallar suka ce a bar sunan shafin da hoton don tunawa, Bitrus ya ci gaba da rubutu. Dukanmu muka yi murna, muka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A shekarun farko yakan zo ya tambaye ni wace wuƙa mata suke yabawa. Daga baya tambayar ta tsaya.

Wata rana na je gidansa na tarar da yadda ake gwajin yanzu. Ɗan kasuwa ne ke aiko da kwalin wuƙaƙe har gida. Bitrus ya zaro ɗaya, matarsa ta riƙe waya tana ɗauka. Ya yanka takarda ta rabu sumul, ya yanka tumatir, ya aske gashin hannunsa, ya ɗaga wuƙar tana walƙiya. Shi ke nan, an gwada. Bidiyon ya tafi waya, rubutun ya tafi mujalla, a shafin da ke kallon nasa kuma ga tallar wuƙar da sunan shago. Wace wuƙa ce ba ta yanka takarda ranar da aka ciro ta daga kwali? Ko murfin gwangwani ai zai yanka tumatir. A 'yan shekarun nan ban ga wuƙa ɗaya da shafin ya kushe ba, kowace sarauniya ce har sai wata ta biyo bayanta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bara kuma 'yan kasuwa suka ƙara gaba. Suka buga hoton Ishaya a 'yan takardu masu gam, suka manna a kan kwalin wata wuƙa mai jar ƙotar roba.

Saratu tana cikin matan da Ishaya ke duba hannunsu a da, kafin aure ya kai ta Samaru Kataf. Mijinta ya rasu. Cutar nan da ta ruɓar da citta a gonaki ta cinye ɗan abin da ta shuka, saboda haka bara ta koma tsaga wa mutane. Ba ta iya karatu ba, amma ta san fuskar Ishaya. Ta gan ta a kan kwali ta saya. Wuƙar nan ƙarfenta bai shiga ƙota sosai ba, ɗan guntu ne aka cusa cikin roba, kuma daga waje ba a gani. Ta dakushe da wuri, Saratu ta riƙa dannawa, sai ta karye daidai wuya, ƙarfen ya shige tafin hannunta. An ɗinke ta a asibiti, amma jijiya ta taɓu. Yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa har yau. Kakar bara ta wuce ta, ta bana ma ban san yadda za ta yi ba.

Da na je duba ta ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Yaya, na san Malam ya rasu. Na dai ce tun da ɗansa ya yarda aka sa fuskarsa, gwajin gidan ne." Daga baya na ji an ce wasu mata a wajen Gwantu sun gamu da irin wannan. Ban gan su ba, don haka ba zan rantse a kansu ba. Hannun Saratu kuwa na riƙe shi.

Na ƙulle guntayen wuƙar a leda na kai wa Bitrus. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo mini kunu, ya saurara har na gama. Ya ce abin ya ɓata masa rai, zai aika wa Saratu da taimako, kuma ya aika, ba zan ɓoye wannan ba. Amma ya ce kowane kwali ba a rasa baragurbi, wadda aka kawo masa ba ta karye ba. Na ce ai wadda aka kawo maka an san kai za a kawo wa. Ya ce zamani ya canza, mutane sun koma waya, talla ce kaɗai take riƙe da mujallar. In shafin ya kushe kayan mai talla, wata mai zuwa babu mujalla, ma'aikata su koma gida, sunan Baba ma ya ɓace gaba ɗaya. Na ce to ka cire hotonsa ka sa naka, ka rubuta Bitrus ya yanka takarda.

"Gwaggo," in ji shi, "Baba ma ai yana da waɗanda yake so. Kowa ya san da Tanko."

"Kowa ya sani domin shi ya faɗa da bakinsa," na ce. "Kai ka taɓa rubuta cewa kyauta aka kawo maka?"

Ya ce zai yi magana da edita. Ya rako ni har bakin titi ya tare mini babur.

Na yi watanni ina auna maganarsa, domin ni hankalina ba ya kwanciya in ina zaton na zalunci wani. Gaskiya ne mujallar tana fama, akwai kuma masu iyali da suke ci daga gare ta. Ba Bitrus ya ƙera wuƙar ba. Na je wurin fastonmu, ya ce in yi haƙuri in yi ta addu'a, maganar gida a gida take ƙarewa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na yi addu'ar. Amma duk sanda na kai amin sai in ga yatsun Saratu. In mujallar manoma ba za ta rayu ba sai ta yaudari matan manoma, to me ake raya ta ta yi? Talla ba laifi ba ce. Mai kaya yana da ikon ya yabi kayansa, kowa ya san mai talla ba ya kushe hajarsa, mai saye ma da wannan sanin yake saurarensa. Laifin shi ne a ɗauki talla a sa mata hular mamaci, a ce shaida ce.

Fushina bai tsaya kan Bitrus kaɗai ba. Editan yanzu ya san ranar da aka binne Ishaya, yana cikin waɗanda suka ci shinkafar makoki. Yana kallon hoton nan kowane wata yana tura shi wurin bugawa. 'Yan kasuwar da suka manna fuskarsa, wasunsu ba su daina jin haushinsa ba sai da suka ji ya mutu, yau kuma shi ne ke yi musu tallar kaya ba tare da ya iya cewa uffan ba. Sun gane cewa gaskiyar mutum ma haja ce, in dai mai ita ba ya nan.

Ina yawan tambayar kaina me Ishaya zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai ƙi waya. Mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara sayen rediyo mai kaset a layinmu. Ina jin da shi ma ya ɗauki bidiyo, sai dai na hannuwa zai ɗauka, a ƙarshen kaka, masu talla kuma su guje shi kamar yadda wasunsu suka guje shi tun yana da rai. Abin da na kasa kwatantawa a raina shi ne fuskarsa in ya shiga kasuwar Kafanchan ya ga kansa a manne, shago bayan shago, mutumin da ya ƙi shiga kasuwa don kada a gane shi.

A farkon watan nan muka yi sujadar godiya don tunawa da shi, kamar yadda muke yi kowace shekara. Bayan an tashi daga coci, 'yan uwa da matan zumunta suka taru a tsakar gidansa, daidai inda yake shimfiɗa buhu. Bitrus ya yi jawabi mai kyau har wasu suka share hawaye. Sannan ya sa aka shigo da kwali. Ya ce tun da kakar citta ta ƙarato, wani ɗan kasuwa mai ƙaunar Baba ya ba da wuƙaƙe a raba wa mata don tunawa da shi, kuma Gwaggo ce ta cancanta ta raba. Aka buɗe. Jar ƙota, da fuskar yayana a kan kowace.

Ni ba mai magana a taro ba ce. Ko aya aka ba ni in karanta a zumunta, muryata rawa take yi. Amma ranar na buɗe baki. Na ce, "Bitrus, ba zan raba ba. Ubanka bai gwada wannan wuƙar ba, kai ma ba ka gwada ta ba. Saratu ce ta gwada ta."

Saratu tana zaune a kan benci, ta taso tun daga Samaru Kataf don sujadar. Hannunta yana kan cinyarta inda kowa zai gani. Sai wata tsohuwa ta ce a kawo abinci kafin ya huce. Kwalin ya koma mota, ban da 'yan kaɗan da na ga wasu sun zare sun sa a jaka. Ban ga laifinsu ba, wuƙar kyauta ce a shekarar babu, amma tun ranar nake fargabar hannuwansu.

Kafin Bitrus ya tafi na gaya masa cewa in mujallar wannan wata ta fito da hoton, zan rubuta wa jarida, don ba na son ya ji a bakin wani. Ya ce, "Gwaggo, a gaban mutane kika yi mini haka." Na ce a gaban mutane aka manna ubanka. Tun daga ranar bai zo gaishe ni ba, matarsa ma ba ta ɗaga wayata. Mujallar ta fito makon jiya. Hoton yana nan, da hular, da wata sabuwar wuƙa a ƙasa, wannan karon mai shuɗiyar ƙota.

Na san abin da rubutun nan zai iya jawo mini. Bitrus ne ɗan da nake sa ran zai tsaya a kaina ranar tawa jana'izar, kuma wataƙila na rasa shi. Na auna wannan ma, na ga ba zan iya sayen gaisuwarsa da hannun wata ba.

Me ya rage na Ishaya bayan shekara tara? Loko ya zama kufai. Editan farko ya bi shi. Tanko ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa maƙera. Sunansa, wanda na zaci shi zai fi komai daɗewa, shi aka fi ci da shi. Abin da na ga ya rage ɗan ƙarami ne, kuma ba a takarda yake ba. Har yanzu in sabuwar wuƙa ta shigo gindin mangwaro tana walƙiya, mai ita tana yabonta, sai ka ji wata daga cikin tsofaffinmu ta ce, bari dai mu ga hannunki bayan Kirsimeti. Wannan nasa ne, kuma ba a iya manna shi a kwali.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa iyayenku mata wannan kafin ranar kasuwa. Ishaya yana kwance a bayan coci. Duk wuƙar da suka ga fuskarsa a kai, hannunsa bai taɓa ta ba. In kuma Bitrus yana son shafin ubansa ya koma na ubansa, ya san gidana. Zanen aikina yana nan, kuma har yanzu 'yan kasuwa ba su san fuskata ba.